Takarda ta Arba'in

Dakar, 4 ga Nuwamba, 1956

Zuwa ga taubashina Mumuni, tela a bakin kasuwar Gaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da keken ɗinkinka da ƙafar nan taka ta hagu mai yi maka tsiya in sanyi ya shigo. Ni lafiya lau, in ban da tarin da iskar teku ta sa mini, da kewar tuwon dawa. Nan shinkafa ce safe da yamma, ba hutu.

Na san za ka ce ɗan lakwal, ɗan makarantar boko, ba ya tuna dangi sai buƙata ta kama shi. Faɗi, gaskiyarka ce. Amma kakata Kadija da kakanka ciki ɗaya suka fito, ba ka da wurin gudu. Bana ce shekarata ta ƙarshe, kuma ba za a ba ni takardar gamawa ba sai na kawo bincike na kaina, da alƙaluma. Ka ji a ƙarshen Maris kowa zai jefa ƙuri'a, mace da namiji. Abin da nake so in sani shi ne, mutanenmu na bakin kogi wa suke saurara kafin su yanke shawara? Maigari, ko liman, ko wani na cikin gida? Kowa a nan Dakar yana da amsa a baki, amma ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye su.

Ba zan iya tambayar kowa ba, kuma ba sai an yi haka ba. Inna in za ta ji gishirin miya ba ta shanye tukunya, ɗan kaɗan take lasa. Sai dai tana motsawa tukuna, in ba haka ba na sama kaɗai za ta ji. Motsawar nan ita ce ilimin da nake koyo. Na samo kwafin littafin ƙidayar gidajen Gaya da Bengou, gida ɗari shida, na ba kowanne lamba, na zuba lambobin cikin hula, na rufe ido na jawo sittin.

Ga takardu sittin, kowace da tambaya ashirin, ga jerin gidajen daban. Ka karanta musu gabatarwar da ke sama yadda na rubuta ta. Sharaɗi uku ne. Na ɗaya, gidan da ƙuri'a ta faɗo wa shi za ka shiga, kada ka musanya shi da na maƙwabci ko da maƙwabcin ya fi fara'a. Na biyu, in ka zo ƙirga mutanen gida, wanda ya ci daga tukunyar gidan ranar da ka yi tambaya shi ne ɗan gida. Wanda ke Kumasi ba ya ciki, ko uwarsa ta rantse gobe zai dawo. Na uku, ba a rubuta suna a takarda, lamba kaɗai.

Kai na zaɓa saboda ka riga ka koyi boko a soja, kana jin Dendi da Zabarmanci, kuma wanda ya auna wuyan rabin gari ba a hana shi shiga zaure. Ka hanzarta don Allah. Bayan zaɓe aikin ya zama tuwon jiya, kowa zai ce dama ya sani.

Ga abin dariya kafin in rufe. Da na jawo lamba ta arba'in na duba littafi, sai na ga Mumuni Siddo, Bengou. Ashe kana da gida a ƙauye kana ɓoye mana. Wannan kam ba wahala, ka tsaya gaban madubin shagonka ka tambayi kanka.

Naka,
Alassan


Gaya, 12 ga Disamba, 1956

Mushe Lissafi, wato Malam Lissafi,

Takardarka ta iso bayan kwana goma sha tara, tana warin bandar kifi, ban san da wa ta yi zama a mota ba. Muna lafiya. Ƙafa na nan, ita ke faɗa mini sanyi tun kafin ya zo. Kogi ya cika, jirgin fito sai kai da kawowa yake tsakaninmu da Malanville. Tarin nan ka tafasa masa citta da kanumfari, ka daina yawo bakin teku ba hula.

Ka ce in karanta gabatarwarka yadda take. Na karanta. Gidan farko a unguwar masunta, na yi sallama, na ce wa mai gida ƙuri'a ta faɗo kan gidansa. Alassan, kafin in buɗe jaka samarinsa biyu sun tsallake darni. Kafin la'asar samari goma sha ɗaya sun ƙetare kogi, wani ko takalmi bai tsaya ɗauka ba.

Kai a Dosso ka girma, lakwal ta ɗauke ka kana ƙarami, ƙuri'a a wurinka hula ce da 'yan takardu. A nan ƙuri'a ita ce ƙwaryar da ake ajiyewa gaban bariki bayan kaka, samari su jeru, kowa ya sa hannu. Wanda ya jawo farin dutse ya koma gona, wanda ya jawo baƙi ya tafi soja. Ga ni kuma tsohon soja, da jaka, da jerin gidaje. Me kake so su zata?

Kwana uku na yi ina bin iyaye ina rantsuwa kafin yaran su dawo. Daga nan na yar da kalmarka. Sai in ce musu ɗan Mariama ne ke karatu a Dakar, malaminsa ya ce ba zai sake shi ba sai ya kawo maganar mutanen garinsu. Nan take sai ka ga an shimfiɗa tabarma. Tausayinka suke ji, ka sani, ba lissafinka ya burge su ba.

Maigarin Bengou ya ji haushi da gidansa bai fito ba. Ya ce wace irin tambaya ce za a yi wa gari a tsallake kai a tambayi ƙafa. Na ba shi labarin miyarka, ya saurara har ƙarshe, ya ce in gari miya ne to shi ne ludayin. Don ya huce na yi masa tambayoyin duka ashirin, na rubuta a bayan takardar awon riga. Kada ka damu, ba ta cikin naka.

Takardarka kuma tana da ƙarancin gurbi. Tsohuwa Barira, mai ta goma sha bakwai, na tambaye ta wa take saurara, ta ce kowa take saurara, sannan ta yi abin da ta ga dama. Wani masunci na tambaye shi ko zai jefa ƙuri'a, ya ce ya danganta da ruwa. Irin waɗannan duk a gefe na rubuta su, ka san yadda za ka yi da su.

Ga su nan sittin cif. Ta arba'in na yi yadda ka ce. Kada ka ƙara ɗora mini irin wannan aiki, ƙafata da bakina duk sun gaji, ga ɗinkin bikin 'yar Hasana ya taru yana harara ta.

Mumuni


Dakar, 6 ga Janairu, 1957

Taubashi,

Ina gaishe ka, ina gaida ƙafa. Tari ya tafi, citta ta yi aiki. Takardu sun iso lafiya, na gode, kuma na yi dariyar ludayi har maƙwabcin ɗakina ya buga bango. Zancen samarin da suka gudu kuwa kunya ya ba ni. Shekara uku ina koyon yadda ake tsara tambaya, ban san abin da kalma ɗaya take nufi a garin uwata ba.

Kwana tara na yi ina zuba amsoshi a babbar takarda, sanda-sanda, huɗu a tsaye ta biyar ta gicciye. Abin da ya fito ya hana ni zama wuri ɗaya. Mutum talatin da huɗu cikin sittin wani na cikin gida suka ambata, yawanci wa ko uba. Maigari bakwai kacal. Kada ka faɗa wa ludayi.

Yanzu ga abin da ya ɓata mini rai. Malaminmu mutum ne da ba ya ɗaga murya, amma ba abin da ke wuce shi. Ya ɗauki takardun yana gwada su da littafin ƙidaya ɗaya bayan ɗaya, sai ya tsaya a ta arba'in. Littafi ya ce gidan manomi ne a Bengou, mai gero da dafa gishiri, mutum takwas. Takardarka ta ce mutum ɗaya, tela, abincin kasuwa yake ci, kuma da aka tambaye shi wa yake saurara ya ce ba kowa. Malam ya ajiye ta, ya tambaye ni a hankali: in an cika wannan a cikin shago, ta yaya zai san ba a can aka cika sauran hamsin da taran ba?

Mumuni, wasa fa na yi maka. Wasan taubashi. Kai ka san ba ka da gida a Bengou, wani ne sunanku ya zo ɗaya. Ƙyuyar neman gidan ce ta sa ka fake da maganata, ka yi mini ɗinkin da ba zare, ga shi ya ɓarke gaban mutane. Da ka ce mini ba ka sami gidan ba, da ya fi mini sauƙi.

Ya ba ni zuwa ashirin da biyar ga Maris. Ga sabuwar takarda ta arba'in, fara. Ka je ka nemi mutumin nan ka tambaye shi da bakinsa. In ba ka san gidan ba ka tambayi yayanka Bawa, ai na ji an ce shi a can yake zaune.

Alassan


Dakar, 3 ga Fabrairu, 1957

Taubashi,

Lafiya kuwa? Sau biyu a yini nake leƙa wurin mai raba wasiƙu, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ko ƙafar ce ta kwantar da kai? Ko takardata ce ba ta iso ba? Ko ta iso, shi ya sa?

Na sake karanta abin da na rubuta maka a kayena, littafin da nake ajiye kwafi, na ga harshena ya yi kaifi. Zancen ƙyuya bai kamata ba, mutumin da ya taka gida hamsin da tara da ƙafa mai ciwo. Na janye shi.

Na rubuta wa Inna a Dosso na tambaye ta wane ne Mumuni Siddo na Bengou. Ka san ta, in ta sa a rubuta mata wasiƙa sai ta cika shafi uku da labarin awaki. Wannan karon layi biyu ta aiko: tana lafiya, kuma in cire bakina daga gidan nan. Ban gane ba, kuma rashin ganewar ya hana ni karatu.

In akwai abin da ya hana a shiga gidan, a ƙasan takardar akwai gurbin da aka rubuta "ya ƙi". Ka sa masa alama ka aiko, ilimi ya yarda da wannan. Ni dai ka amsa mini, ko layi ɗaya ne.

Alassan


Gaya, 16 ga Fabrairu, 1957

Alassan,

Ina lafiya, ƙafa ba ta kwantar da ni ba. Takardunka biyu duk sun zo. Ta farkon na sa ta ƙarƙashin keke, kullum in ɗaga in duba in mayar. Wata guda ke nan ina lalata wa mutane yadi, jiya na ɗinka wa wani riga hannu ɗaya ya fi ɗaya.

Ka ce na yi maka ƙarya. Ban yi ba. Ka ce in tambayi Mumuni Siddo, na tambaye shi, abin da ya faɗa na rubuta. Ba wani mai sunana a Bengou. Gidan nan na ubana ne, wanda ke cikinsa kuwa Bawa ne, yayana uwa ɗaya uba ɗaya. Tunda uwarka ta ƙi faɗa maka, bari ni in faɗa.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, bayan kaka, aka ajiye ƙwaryar nan gaban bariki. Ni da Bawa muna jere. Ni na jawo fari, ina da shekara goma sha tara, har na yi tsalle. Bawa ya jawo baƙi, ga matarsa Hajara da ciki wata bakwai. Da muka koma gida Baba ya kira mu bayan rumbu. Bai yi tsawa ba. Ya ce Bature bai san fuska ba, suna ya sani. Ya ce Bawa ne ƙarfin gona, kuma gida ba ya rushewa don mutum ɗaya. Ranar tafiya in an kira Bawa Siddo, ni zan amsa.

Na dubi Bawa. Wallahi ba so nake ya tafi ba. Jira nake ya ce a'a, ko sau ɗaya, ni kuma in ce ya zauna zan je. Da haka ta faru, da na tafi ina waƙa. Ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da babban yatsan ƙafarsa, har Baba ya gama, har muka tashi.

Shekara shida na yi ina amsa sunansa, har Madagaskar. Ƙarfen da ke cikin ƙafata, a takardar likita a ƙafar Bawa yake. Shi kuma ya zauna da nawa, tunda littafi ya ce Bawa ya tafi. Baba ya rasu ina can. Da na dawo mota ta sauke ni a Gaya, tafiyar rabin yini ta rage, ban ƙarasa gida ba har yau. Duk shekara yana aiko mini da gishirin da ya dafa, ba saƙo. Ni kuma in raba wa maƙwabta, ba amsa. Da na yi maka aikin Bengou, ta bayan masallaci na riƙa zagayawa don kada in bi ƙofar.

Ka ce sharaɗinka na uku ba a rubuta suna, lamba kaɗai. Na yi dariya da na karanta. Ni ai na daɗe a haka.

Tun da fararka ta zo, sau biyu na kama hanya. Na kai giginyoyin bakin gari, ina hango hayaƙin masu dafa gishiri, sai in juyo. Ba tsoronsa nake ji ba. Tsoro nake in gan shi in ji haushin ya tafi, don ban san abin da zai rage mini ba in ya tafi.

Gurbin nan naka na "ya ƙi" ba zan sa masa alama ba. Bai ƙi ba, ba a tambaye shi ba. Ni na ƙi. In takardarka tana da gurbin mai tambaya ya ƙi, nuna mini.

Mumuni


Dakar, 24 ga Fabrairu, 1957

Taubashi,

Har yau shiru, to Allah ya sa lafiya. Ni ƙalau nake, sai rama.

Albishir nake kawo maka, ka huta. Malam ya zauna da sauran takardun kwana biyu, ya karanta duk abin da ka rubuta a gefe, na fassara masa. Da ya zo kan Barira ya cire tabarau ya yi dariya, ya ce ba mai iya ƙirƙiro wannan tsohuwa a cikin shago. Ya yarda da hamsin da tara. Ta arba'in za mu cire ta, in rubuta a ƙasa cewa ba a samu ba.

Na gwada lissafin ta kowace fuska. Ko me mutumin nan zai ce, amsar ba za ta motsa ba. Ka yaga farar, ka koma ɗinkinka. Lissafi ba ya rushewa don gida ɗaya.

Alassan


Waya daga Dakar, 7 ga Maris

NA KARANTA. KA GAFARCE NI. WATA TAKARDATA NA HANYA KADA KA KULA TA. KADA KA JE DON NI. ALASSAN


Gaya, 17 ga Maris, 1957

Taubashina Alassan,

Gaisuwa, da fatan ramar ta tsaya haka, kada ka dawo mana kamar karan dawa. Ina lafiya. Ƙafa ta kumbura kaɗan, za ka ji dalili.

Wayarka ta riga takardarka isowa da kwana shida. Ka ce kada in kula ta, to wa aka taɓa ce wa haka bai kula ba? Na san ka rubuta ta kafin ka karanta tawa, ban riƙe ka ba. Amma da na zo layin ƙarshe sai da na tashi tsaye. Maganar Baba ce sak, ta je Dakar ta yi karatu ta dawo. Shekara goma sha ɗaya ni ne ɗayan da ba a rushewa dominsa, yanzu kuma a gabana za a cire gidan gaba ɗaya a ce ba a samu ba. Na rufe shago da rana tsaka. Washegari da sassafe na kama hanya, da na zo giginyoyin ban dube su ba.

Na same shi ƙarƙashin rumfa yana tufka igiya. Ya yi furfura, Alassan, ya koma Baba har yadda yake naɗe ƙafa. Na yi sallama irin ta baƙo, ya amsa irin ta mai gida. Hajara na daka, taɓarya ta tsaya a sama. Ya jawo tabarma da kansa ya shimfiɗa. Ban kira sunansa ba, bai kira nawa ba. Wanne za mu kira?

Ban san ta inda zan fara ba, sai na fito da fararka na karanta gabatarwar yadda ka rubuta ta, wadda na yar tun ranar farko. Na ce ƙuri'a ta faɗo kan gidan nan.

Ya ce, "Ta daɗe da faɗowa."

Na yi ta farko da ta biyu, ya amsa kamar yana gaban kumandan. Ta uku, mutum nawa ne a gidan, ya ce tara. Na ƙirga da baki: shi, Hajara, Gwaggo Zuwera ƙanwar Baba, da yara biyar. Babbarsu Halima, wadda na bari a ciki, ga ta nan ta kai kafaɗar uwarta. Na ce takwas ke nan. Ya ce tara. Na gane wanda yake nufi, raina ya ɓaci, na ce masa dokar mai takarda ita ce sai wanda ya ci daga tukunyar gidan a yau, wanda ya tafi ya tafi. Na rubuta takwas da ƙarfi har alƙalami ya kusa huda takardar. Bai yi gardama ba.

Muka yi ta tafiya, gona, jirgi, kasuwa, har ta goma sha biyu, wa yake saurara kafin ya yanke shawara. Ya daɗe yana murza igiyar.

Ya ce, "Baba nake saurara da. Sau ɗaya ya kamata in ƙi, ban ƙi ba. Tun ranar ban ƙara jin maganar kowa da daɗi ba, har tawa."

Wannan ma ba ta da gurbi. A gefe na rubuta, za ka ga rubutun ya karkace.

Ta ƙarshe, ko zai jefa ƙuri'a. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da katin zaɓe naɗe cikin tsumma, ya ajiye a tabarma ya turo mini da yatsa. Ya ce mai shi ne zai jefa. Mumuni Siddo ne a jiki. Na buɗe jaka na ciro nawa, mai sunan Bawa, na ajiye kusa da shi. Bai iya karatu ba, ya ce in nuna masa inda sunansa yake. Na kama yatsansa na ɗora a kai. Rabon da in taɓa hannunsa tun a layin ƙwarya.

Kada ka zaci an yi kuka an rungume juna. Bai ce in yafe ba, ban ce na yafe ba. Haushin yana nan, na duba. Sai dai abin da nake tsoro bai faru ba: da ya matsa gefe, ba rami na tarar a wurin ba, yayana na tarar, tsoho, da igiya a hannu.

Na tattara takardu zan tashi, sai ga Hajara da tuwon dawa da miyar kuka, a cikin akushina na da, mai ƙuna a baki. Na ce na ci a hanya. Gwaggo Zuwera daga bakin ɗakinta ta ce ƙarya nake, tun ina yaro in na yi ƙarya kunnena ke motsi, ga shi nan yana yi. Na zauna. Na ce loma ɗaya zan yi don kunyarta, ban san lokacin da na ga gindin akushi ba. Gishirin miyar ya yi daidai, kuma nasa ne, wanda na yi shekara biyar ina rabarwa ban taɓa lasa ba.

Bawa ya jira sai da na wanke hannu. Sannan ya nuna jakata da haɓa.

Ya ce, "Me ka ce dokar yaron nan ta ce?"

Za ka ga gyara a tambaya ta uku, an soke takwas an rubuta tara. Ka faɗa wa malaminka ba kuskure ba ne, ba kuma a shago aka yi shi ba. Sharaɗinka ne na biyu, na bi shi yadda ka rubuta. Na ba wani ma'aikacin gidan waya mai zuwa Yamai gobe ya sa maka ita a jirgin sama, za ta riga ashirin da biyar. Na ji amsarka ba za ta motsa ba. Duk da haka ka mayar da ita wurinta, sittin ka jawo daga hula.

In za ka amsa, ka rubuta Mumuni Siddo a baya. Ko Gaya ka sa ko Bengou, za ta same ni.

Taubashinka,
Mumuni